Yadda Ake Haɗa Taron Farautar Ajiya Ranar Kusufin Rana a Sakkwato

Ranar Laraba, 29 ga Maris 2006, ina Gusau wurin kawuna. Hantsi ya ɗaga, rana ta fara cizo irin na bazara, sai haske ya soma dusashewa kamar an barbaɗa wa gari toka. Iska ta yi sanyi. Kajin gidan suka bi juna suka shige akurki, tumakin da ke turke suka ɗauki kuka. Can sai duhu ya rufto mana. Na ɗaga kai na ga baƙin faifai a gurbin rana, farin haske mai kama da gashi ya kewaye shi, ga tauraro ya fito da hantsi. Kakata tana salati, maƙwabta suna kabbara. Abin bai kai minti huɗu ba, amma har gobe ina jin sanyin nan a fatata.

Da na dawo Sakkwato abokaina suka ce ai su ma sun gani. Abin da suka gani shi ne wata ya cinye mafi yawan rana, gari ya yi dishi-dishi. Duhun bai sauka musu ba, domin birnin Shehu yana gefen hanyar da inuwar ta bi ta nufi Katsina da Nijar. Tun daga ranar nake burin in tara mutanen unguwarmu, manya da yara, mu kalli wannan aya tare ba tare da kowa ya cuci idonsa ba. Hanyar da na ga ta fi jawo matasa ita ce a haɗa kallon da wasan giyokashin, wanda mu a nan muke kira farautar ajiya.

Wasan ba shi da wuyar fahimta. Wani zai ɓoye ɗan mazubi mai ɗauke da littafin sa hannu, ya ɗauki lambobin wurin da GPS, ya sa su a shafin Geocaching.com. Wani kuma ya bi lambobin da wayarsa har ya gano ajiyar, ya rubuta sunansa da kwanan wata, ya mayar da ita yadda ya same ta. An fara shi a Amurka a watan Mayun 2000, bayan gwamnatin Bill Clinton ta daina gurɓata siginar GPS da farar hula ke amfani da ita. A ranar 3 ga watan wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ajiye bokiti a daji a jihar Oregon, ya bayyana lambobinsa. Yau ajiyoyin sun haura miliyan 3 a duniya. Masu wasan suna da al'adar haɗuwa a ranaku na musamman.

Mataki na farko: ka san abin da sararin Sakkwato zai ba ka

Kada ka tara jama'a da alƙawarin duhu da rana, su zo su tarar da rana ta ɗan gutsure kawai. Daga ranar ba mai sake yarda da kai.

Kusufin rana yana faruwa ne idan wata ya gitta tsakanin duniya da rana, shi ya sa ba ya zuwa sai a ƙarshen watan Musulunci. Rana ta fi wata faɗi sau 400, ta kuma fi shi nisa kusan sau 400, don haka a idonmu girmansu ɗaya. Dalilin da ba ya faruwa kowane wata shi ne hanyar wata ta karkace da kimanin digiri 5 daga hanyar duniya, inuwarsa takan wuce ta sama ko ta ƙasa. Idan kuma ta faɗo mana, siririya ce. Ta 2006 faɗinta bai kai kilomita 200 ba. Wanda ke cikinta ya ga cikakken kusufi, wanda ke gefe ya ga ɓangare. Ko da kashi 99 cikin 100 na rana ya rufe, ragowar ta fi hasken wata ɗan daren sha huɗu sau dubbai.

Ga ranakun da suka shafe mu. Asabar, 6 ga Fabrairu 2027, akwai kusufin zobe, wanda wata ke rufe tsakiyar rana ya bar gefenta kamar zobe, da zai ƙare a gaɓar tekun Afirka ta Yamma wajen Legas, mu kuma rana za ta faɗi mana a gutsure. Litinin, 2 ga Agusta 2027, akwai cikakke mai tsawo da zai ratsa Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Libiya, Masar, Saudiyya, Yaman da Somaliya. Makka da Jidda suna cikin hanyarsa, a kusa da Luksor ta Masar duhun zai haura minti 6. Sakkwato ɓangare za ta gani da hantsi. Sai Litinin, 20 ga Maris 2034, ranar da cikakken kusufi zai dawo Najeriya: ya shigo ta Legas da birnin Benin, ya miƙa arewa maso gabas zuwa Kamaru da Chadi. Shi ma ba zai bi ta kanmu ba, sai mun bi shi.

Shawarata a yi taron gida a 2027, a koyi aikin, a tara kayan, sannan a shirya tafiyar 2034. Ka buɗe manhajar Stellarium ko shafin timeanddate, ka zaɓi Sakkwato, ka kwafo lokuta uku: farawa, tsakiya, ƙarewa. Ka lura, wasu jadawalan da agogon GMT suke rubutu, namu yana gaba da awa ɗaya.

Mataki na biyu: mutum biyar

Ba a buƙatar kwamiti mai shugaba da mataimakai. Mutum biyar masu cika alƙawari sun isa: mai zuwa wurin manya, mai kula da gilasai, mai ɓoye ajiyoyi, malama ɗaya da za ta riƙe ɓangaren mata da yara, da mai riƙe kuɗi da littafi. Ku fara zama wata huɗu kafin ranar, ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na uku: izini, tun kafin ka taɓa ko dutse ɗaya

Nan ne zan daɗe, domin nan na yi tuntuɓe.

Ajiyata ta farko robar man shafawa ce da na naɗe da baƙin salatif don kada ta yi ƙyalli. Da la'asar sakaliya na je gindin wata katanga, na waiga hagu da dama, na tura ta cikin duwatsu. Haka na karanta Turawa suna yi, a ɓoye kada wanda ba ɗan wasa ba ya gani. Ina miƙewa sai na ji murya a bayana.

"Kai ɗana, mi kaka ɓoyewa nan?"

Dattijo ne mai gadin gidan, da sandarsa. Na ce, "Baba, wasa ce ta yara, littafi ne kawai a ciki."

"Wasa? To ɗauko ka buɗe gaban mutane."

Kafin in buɗe mutum ya kai goma sha. Wani ya ce asiri ne aka zo binnewa, wani ya ja yaransa baya yana faɗin abin da ya fi haka muni. Gaskiyarsu ce. A ƙasar da ta sha fama da tashin hankali, baƙo ya tura baƙin abu a jikin katanga yana waige-waige, me kake so a zata? Sai da muka dangana da zauren mai unguwa. Na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, kuskurena ne," na zazzage robar a gabansa: littafi, fensir, maɓalli biyu. Ya jujjuya littafin, ya ce da na fara zuwa wurinsa da shi da kansa zai nuna mini inda yara ba su kai hannu.

Daga ranar na sauya tsari. A Sakkwato ajiya ɓoyayya ce ga mai nema kaɗai, masu wuri dole su san da ita. Kowace ajiya tamu tana da uban gida: mai shayi, mai gadi, mai faci, ko tsohuwa mai ƙosai a bakin hanya. Shi zai ga masu nema suna dube-dube ya yi murmushi, shi zai hana yara ɗauke ta. Dattijon nan da ya tsare ni shi ya riƙe mana ajiyar unguwar daga baya.

Don haka ka bi ta kan mai unguwa, in taron babba ne ya kai ka wurin uban ƙasa. Ka rubuta wa DPO na yankin takarda mai ɗauke da rana, wuri, adadin mutanen da kuke tsammani da jerin inda kuka yi ajiya. Ka je da samfurin robar a hannu, gani ya kori ji. Dokar wasan kanta ta wajabta izinin mai wuri. Kada a kusanci bariki, filin jirgi, banki, ofisoshin gwamnati ko tashar wuta. Ni na ƙara da nawa: ba a ajiya a Hubbaren Shehu, ba a yi a maƙabarta, ba a yi a jikin masallaci. Waɗannan ba wuraren wasa ba ne.

Mataki na huɗu: fili

Fili ake so mai sarari ta gabas idan na hantsi ne, ko ta yamma har ƙasa idan na faɗuwar rana ne. Ya zama da katanga da ƙofa ɗaya don a san mai shiga da fita, da itatuwan dogon yaro a gefe, da ruwa da makewayi, da masallaci kusa. Filin ƙwallon makarantar unguwa yakan cika waɗannan, in hukumar makarantar ta amince. Ajiyoyin da za su daɗe kuwa a wajen harabar za a sa su, don kada baƙi su riƙa shiga cikin ɗalibai.

Na san akwai masu sha'awar a fita bayan gari, bakin gulbin Rima ko wajen Wurno da Goronyo. Yadda hanyoyin gabashin jihar suke a shekarun nan, ban ga dalilin ɗaukar 'ya'yan mutane a fita da su ba. Rana ɗaya ce a Mabera da Arkilla da Runjin Sambo.

Ka je filin kwana biyu ko uku kafin ranar, daidai lokacin da kusufin zai fara, ka ga inda rana take da inda inuwa ta kwanta.

Mataki na biyar: ido

In kuɗinku kaɗan ne, a nan za ku zuba su. Bangon ido na ciki ba ya jin zafi. Yaro zai ƙura wa rana ido ta ƙona masa gani bai ji komai ba, sai bayan awanni ya ce yana ganin tabo a tsakiyar duk abin da ya kalla. Wani tabon yakan tafi, wani ya zauna har abada. Kusufi ba ya sako wani sabon haske mai guba. Ranar ce dai ta kullum, sai dai ranar nan mutane suna da dalilin kallonta.

Abin da ya halatta a kalli rana da shi kai tsaye biyu ne: gilashin kusufi mai cika ƙa'idar ingancin duniya ta ISO 12312-2, da gilashin masu walda mai lamba 14. Na walda da yawa da ke hannun masu sana'a lambarsu ba ta kai haka ba, wanda ba a ga lambarsa a jiki ba a bar shi. Baƙin tabarau komai tsadarsa ba ya yi, ko an jera uku. Haka gilashin da aka turara da hayaƙin fitila, da takardar hoton ƙashi ta asibiti, da faifan CD, da baƙar leda. Kallon rana a cikin bahon ruwa da iyayenmu suka saba shi ma yana cutarwa, ruwan yana maido hasken cikin ido.

Lambar ISO kowa yana iya buga ta a kwali, saboda haka a sayo daga kamfanin da aka sani. Ƙungiyar masana taurari ta Amurka tana da jerin amintattun masu sayarwa a shafinta. A yi oda wata uku kafin lokaci. In sun iso a gwada kowane ɗaya: ka sa shi a cikin ɗaki, bai kamata ka ga komai ba, fitilar waya in an kusanto ta ta zama ɗan ɗigo mai rauni. In ka ga taga ko fuskar mutum, jabu ne. Wanda ya huje ko ya karce a yanka shi da almakashi, kada wani ya tsinta.

Ba sai kowa ya samu nasa ba. Kusufin ɓangare yakan ɗauki wajen awa biyu, gilashi ɗaya ya ishi mutum biyar suna karɓa-karɓa. A koya wa yara da waƙa-waƙa har su haddace: duba ƙasa, sa gilashi, ɗaga kai, duba ƙasa, cire. Kuma kada wanda ya leƙa ta madubin hangen nesa ko kyamara yana sanye da gilashin kusufi, hasken da suka tattara zai huda shi. Matatar haske a gaban na'ura ake sa ta.

Akwai hanyoyin da ba su cin ko sisi, kuma ni sun fi burge ni. Ka huda kwali da allura, ka juya wa rana baya, ka bar hasken ya ratsa hudar ya sauka a farar takarda. A nisan mita ɗaya za ka ga hoton rana mai faɗin kusan santimita ɗaya. In kana son babba, ka rufe ƙaramin madubi da takarda ka bar huda kamar ƙwayar gyaɗa, ka haska shi jikin bango mai inuwa. A mita 10 hoton zai kai santimita 9, aji guda su kalla tare. Sai ka aro madambaci wurin Inna ka ɗaga shi sama da farin zane: kowace huda za ta zana jinjirin rana, su yi ta rututu a ƙasa. Ƙarƙashin dogon yaro ma haka, hasken da ke ratsa ganye duk zai koma lauje-lauje.

Ka ware gilasai goma da mutum ɗaya domin almajirai da yaran da za su leƙo ta kan katanga. Za su zo, ko an gayyace su ko ba a gayyace su ba. In aka kore su za su koma waje su kalla da ido tsirara.

Mataki na shida: ajiyoyin

Biyar zuwa bakwai sun isa, duk a tazarar da ƙafa za ta kai. A sami roba mai murfin murɗawa wadda ake ganin cikinta. Gwangwani yana tsatsa, baƙar roba tana tayar da hankali. A manna takarda a jiki da boko da ajami: wannan wasan farautar ajiya ne, ba abin cutarwa, ga lambar wayar mai shi. Littafin a sa shi cikin leda saboda damina da gara. Fensir ya fi biro, zafin Sakkwato yana busar da tawada. Ana iya ƙara 'yan kayan musaya, maɓalli, abin maƙala makulli, kwabon da aka daina kashewa. Wanda ya ɗauki ɗaya ya ajiye wanda ya kai shi ko ya fi shi. Ba a sa abinci, ko alewa, don tururuwa da awaki. Ba a sa ashana, wuƙa ko magani. Ba a haƙa rami a binne, dokar wasa ta hana, kuma a wurinmu binne abu yana da wata fassara. Kada a tura ta cikin kogon itace mai zurfi ko ƙarƙashin tulin duwatsu, gidan kunama da kububuwa ke nan. Inda ido zai gani kafin hannu ya kai, nan ne wurinta.

Wajen ɗaukar lambobi ka tsaya cak a wurin minti biyu, wayar ta natsu. Lambobin birni za su fara da N 13 da E 005, sai mintoci, da ɗigo, da lambobi uku a bayansa. Lambar ƙarshe ɗaya tana daidai da kusan mita biyu a ƙasa, kuskuren rubuta ta biyu daga ƙarshe kuwa zai kai mutane gidan maƙwabta. Ka ɗauka sau uku a lokuta daban, ka riƙe matsakaicin, sannan ka ba wanda bai san wurin ba ya gwada. GPS na waya yakan kauce da mita biyar ko fiye, musamman kusa da dogon gini, shi ya sa ake haɗawa da manuniya. A nan harshenmu ya fi na kowa daɗi, domin kacici-kacici gadonmu ne. Mun taɓa rubuta: "Ina gindin wanda ya fi kowa tsawo a makaranta, amma bai taɓa shiga aji ba." Dogon yaro ke nan. Wata kuma: "Nemi mai inuwar da na nesa ka sha." Duk Basakkwace ya san giginya.

A kowace roba a sa kati mai bayani ɗaya game da kusufi, wanda ƙungiya za ta karanto wa jama'a in ta dawo. Katin da yara suka fi so shi ne na ma'auni: in duniya ƙwallon ƙafa ce, wata lemo ne a nisan mita shida da rabi, rana kuwa ƙwallo ce mai tsayin mita 24 a nisan fiye da kilomita biyu da rabi. A auna igiya a gwada a filin, sannan a duba taswirar waya a ga wace unguwa rana ta faɗa.

Mataki na bakwai: rajista

A shafin Geocaching.com ana buɗe shafin taro kyauta. Sai an miƙa shi aƙalla kwana 14 kafin ranar, wani ɗan sa-kai ya duba ya amince. Taron ya kai minti 30 ko fiye, ƙofa a buɗe ga kowa, ba talla, ba kamfe na siyasa ko wa'azi a cikin sanarwar. Ka rubuta shi a matsayin haɗuwar kallon kusufi, domin ba su karɓar taron da farauta ce kaɗai manufarsa. Ajiyar da za a sa a shafin dole ta zauna aƙalla wata uku, kuma ta nisanci 'yar'uwarta da mita 161. Na yini ɗaya ba sa shiga shafi, a buga lambobinsu a takarda a raba. Amma kada ka dogara da shafin wajen tara mutane. WhatsApp, sanarwar rediyo da bakin mai unguwa su za su cika maka fili.

Mataki na takwas: liman

Ka je da kanka, mako biyu kafin ranar, da takardar lokuta. Ka ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da masu lissafi suka ce, ga kuma abin da muke shiryawa." Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi kusufi, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Annabi ya gyara musu cewa rana da wata ayoyi ne na Allah, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, in an gani a yi salla da addu'a. Sallar raka'a biyu ce, kowace da ruku'u biyu, ba kiran salla ba iƙama. A mashhurin Malikiyya lokacinta daga hantsi ne zuwa zawali, don haka na Agusta ya faɗa ciki, na Fabrairu kuma malam zai faɗi hukuncinsa.

Taronku kada ya yi karo da sallar, ya kewaye ta. A ga farawa tare, a tafi masallaci, a dawo a ga saura. Sanarwar liman bayan sallar Juma'a ita ce ta fi komai kwantar da hankali. A Janairun 2001 kusufin wata ya zo wa mutane ba shiri a Maiduguri, har ya zama sanadin tarzoma da ƙone-ƙone. Jama'ar da aka gaya wa rana da minti tun da wuri ba ta firgita.

Mataki na tara: ranar

Ku isa da sassafe. Rumfa, tabarmi, randunan ruwa, lasifika, akwatin taimakon gaggawa, cajar tafi-da-gidanka. Kowace ƙungiya mutum huɗu ko biyar da waya ɗaya, yara da babba a tare, 'yan mata da malamarsu. A sauke taswira tun a gida ta manhajar Geocaching ko c:geo, GPS ba ya buƙatar data. Waya in ta sha rana takan ɗauke, a riƙa sa ta a inuwa.

A saki masu farauta awa biyu kafin kusufi, a ce kowa ya dawo saura minti 30. Mai kula da ƙofa ya ƙirga su da suna. Daga nan ba sauran yawo, a raba gilasai, a maimaita waƙar duba ƙasa. A rataye ma'aunin zafi a inuwa, yaro ɗaya ya riƙa rubuta abin da ya nuna duk minti goma. A bar tsofaffi su ba da labarin yadda ake cewa rana ta yi zazzaɓi, da yadda yara ke fita da gwangwanaye suna kiɗa in aka ce rana ta kama wata. Jikokinsu ba su taɓa ji ba.

Agusta tsakiyar damina ce, hadari na iya rufe sama. Kada a watse. Gajimare yakan yage na ɗan lokaci, kuma siririn gajimare ba kariya ba ne, da gilashi za a kalla. A tanadi talabijin ko majigi a nuna na Makka da Luksor kai tsaye. Wanda ke da ɗan'uwa a Umara ranar, ƙarshen Safar ke nan, ya gaya masa ya tafi da gilashinsa.

Kafin a tashi kowa ya sa hannu a littafin taro. A tsince ledojin fiya wata har filin ya fi yadda aka same shi, masu wasan nan a ko'ina suna da wannan ɗabi'a. A kwashe ajiyoyin yini ɗaya, a koma a yi wa kowane uban gida godiya. Gilasai a karɓe su, a jera a ambulan, a ajiye inda ba zafi ba laima.

Mataki na goma: bin inuwa a 2034

A buɗe adashi tun daga taron farko. A zaɓi gari da taswirar hanyar kusufin a hannu, kusa da tsakiyar layin, domin a gefe duhun daƙiƙoƙi ne kawai. Mafi tsawonsa minti 4 da 'yan daƙiƙoƙi ne, a Chadi, namu zai gaza haka. Bakin teku ya fi yawan gajimare a Maris, can ciki ya fi sarari, sai a auna da lafiyar hanya a lokacin. A isa kwana biyu kafin ranar, a gaida masu gari kamar yadda aka yi a gida, a nemi masu farautar ajiya na can a haɗa taro ɗaya.

A cikakken kusufi kaɗai ake cire gilashi, kuma sai rana ta rufe ruf. A ba mutum ɗaya usur da agogo. Haske zai ƙanƙance ya koma ɗigo ɗaya mai ƙyalli a bakin wata kamar dutsen zobe. In ya ɓace, ba a ganin komai ta cikin gilashi, sai ya busa, kowa ya cire. Ku ajiye wayoyi, hotonsu ba zai kama abin ba. Ku dubi farin gashin da ke kewaye da baƙin faifan, ku nemi Zahra, ku waiga ku ga gefen sama ya yi ja ta kowace fuska kamar magariba ta zo daga gabas da yamma lokaci ɗaya. Saura daƙiƙa goma ya sake busawa, kowa ya duba ƙasa ya mayar da gilashi. Wanda ya yi saurin juyawa arewa maso gabas zai ga inuwar tana gudu a kan ƙasa, ta nufi Chadi.